Hukuncin ɗinka 'yar tsana da ƙananan kayan ado na ƙyalle domin sayarwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, ina ɗinki a gida. Da guntayen atamfa na fara ɗinka wa ɗiyata 'yar tsana, na cusa mata auduga. Maƙwabta suka gani suka ce in yi wa nasu yaran, har abin ya zama sana'a. Yanzu ina sayo wani ƙyalle mai kauri da laushi kamar bargo, wanda bakinsa ba ya warwarewa in an yanka, ina yin fure da tauraro da jinjirin wata da 'yan takalma na rataya makulli. Ina kuma yin zomo da raƙumi da tsuntsu da tedi. Wasu yara ake saya wa, wasu amare ne ke sawa a jere, wasu kuma a madubin mota ake ratayawa. Sai wata a Islamiyyarmu ta ce mini duk mai yin wannan za a ce ya busa masa rai ranar ƙiyama, kuɗin haramun ne, kuma mala'iku ba sa shiga gidana. Tun ranar na ajiye allura. Malam, mene ne gaskiyar magana?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malama, ki ɗauki allurarki. Mafi yawan abin da kika lissafa halal ne yinsa, halal ne cin kuɗinsa. Kashi ɗaya ne a ciki za ki bari, zan kuma nuna miki shi.

Wadda ta yi miki magana ba ƙarya ta yi wa Annabi (SAW) ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa masu yin waɗannan surori za a azabtar da su ranar ƙiyama, a ce musu: ku rayar da abin da kuka halitta. Sun kuma ruwaito daga Abu Ɗalha cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare ko sura. Tsananin yana da asali. A tafsirin aya ta 23 cikin Suratu Nuh, Ibnu Abbas ya ce Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu gumaka a wuraren zamansu domin tunawa, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka koma bauta musu. Abin da ya kuɓuce wa 'yar'uwar taku shi ne akwai wasu hadisan a cikin waɗannan littattafan biyu da suke iyakance na farko, kuma ba a yanke hukunci da rabin hujja.

Fure da tauraro da wata da takalmi ba su ma shiga maganar ba, domin ba su da rai. Wani mutum ya zo wa Ibnu Abbas ya ce abincinsa daga aikin hannunsa yake, surori yake yi. Ibnu Abbas ya karanta masa hadisin azaba, mutumin ya firgita har fuskarsa ta canza, sai ya ce masa idan ba makawa sai ka yi, to ga itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya rufe shago ba, hanya ya nuna masa. Saboda haka ganye, kwale-kwale, mota, ƙwarya, tulu, kibiyar ado irin ta bakin riga, har hasumiyar Gobarau in hannunki ya iya fitar da ita, ki yi ki sayar wa babba da yaro, a rataya inda aka ga dama.

Sai 'yar tsana, wadda ita ce ta tayar miki da hankali. Uwar Muminai A'isha ta ce ta kasance tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW), tana da ƙawaye da suke wasa tare, idan ya shigo sai su ɓuya, shi kuwa sai ya turo mata su su ci gaba. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Abu Dawud ya kawo abin da ya fi wannan kusa da sana'arki: Annabi (SAW) ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, iska ta ɗaga labule, ya hangi 'yan tsanarta, a tsakiyarsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, doki da fukafukai? Ta ce, ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Bai ce a yaga ba, bai ce a fitar ba. Shi ne kuwa wanda ya ga labule mai surori a ɗakin nan nata fuskarsa ta canza ya cire shi, har ta mayar da shi matasan kai. Mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, hukunci biyu. Labulen ado ne da aka ɗaga sama, dokin kuwa abin wasa ne.

Hadisi na uku na Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ne, shi ma Bukhari da Muslim. Ta ce suna sa yaransu azumin Ashura, sai su yi musu abin wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan abinci a miƙa masa har lokacin buɗa baki. Ki lura, matan sahabbai da hannunsu suke yi, kuma ba ta ware mata daga maza a cikin yaran ba.

A kan waɗannan ne malaman mazhabarmu ta Malik suka gina magana. Alƙali Iyad, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan hijira, ya tabbatar da cewa 'yan tsanar yara an togace su daga hanin, ya ce wannan ne ra'ayin mafi yawan malamai, kuma sun halatta sayar da su domin yarinya ta saba da renon 'ya'ya da hidimar gida tun tana ƙarama. Ibnu Hajar ya naƙalto wannan a Fathul Bari. Shehu Dasuƙi, a hashiyarsa kan sharhin Dardir na Mukhtasar Khalil, wajen bayanin walima, ya faɗa ƙarara cewa yin 'yar tsana mai siffar yarinya domin 'yan mata su yi wasa ya halatta, saye da sayarwarta ma sun halatta. Dalilin da suka kawo ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya ga yarinya ta goya 'yar tsanarta ta kara ko ta tsumma da ɗan zane, tana jijjiga ta tana lallashi, wani lokaci har a haɗu a yi mata biki. Kakanninmu malamai suna zaune a zaure suna gani, ba su tashi sun ƙwace ba.

Akwai saɓani, ba zan ɓoye miki ba. Wasu malamai sun ce rangwamen kafin haramcin surori ne, daga baya aka shafe shi. Wannan bai yi ƙarfi a wurina ba, domin Khaibara a shekara ta 7 aka yi ta, Tabuka a ta 9, ko wanne aka ɗauka labarin dokin ya zo ne can cikin zaman Madina, kuma mai cewa an shafe hukunci shi ke da nauyin kawo tarihin da ke nuna wanne ya riga wanne. An kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa ya ƙi mutum ya saya wa ɗiyarsa irin waɗannan. Alƙali Iyad ya fassara wannan da cewa ƙin mayar da abin hanyar neman kuɗi ne da kare mutuncin manyan mutane daga tsayawa cinikinsa, ba ƙin wasan kansa ba. Ko an ɗauki maganar a yadda take, karhanci ne, bai kai haramci ba, kuma abin da malaman mazhaba na baya suka tafi a kai shi ne halaccin cinikin. Lafazin Dasuƙi ya tsaya kan siffar yarinya da wasan 'yan mata. Ni ina ganin zomo da raƙumi da tsuntsun da aka ɗinka domin yaro, namiji ne ko mace, sun shiga rangwamen, saboda dokin A'isha dabba ne, yaran Rubayyi'u kuwa ba a ce mata kaɗai ba ne.

Yanzu ga kashin da za ki bari. A mazhabar Malik sura tana haramta idan ta haɗa abu uku: ta zama ta mai rai, mutum ko dabba; ta zama mai jiki wadda ke da inuwa; gaɓoɓinta kuma su cika, ba a rasa wani abin da mai rai ba ya rayuwa sai da shi ba. Tedin da aka cusa wa auduga, da kai da ido da hannu da ƙafa, ya haɗa duka ukun. Abin da ya fitar da shi daga haramci kawai shi ne kasancewarsa abin wasan yaro, a ja shi a ƙasa, a tauna kunnensa, a kwana a kansa. Idan amarya ta ce ki yi mata shi domin ta jera a kabad tsakanin kwanuka, ko direba zai rataya a madubi, ko saurayi zai kai wa budurwa ta ajiye a kan gado, dalilin rangwamen ya tafi, hukuncin asali ya dawo. Wannan kada ki karɓi aikinsa. Na san a nan ribar ta fi tsoka, domin babba ya fi yaro sakin kuɗi, amma haka hukuncin yake. Amaryar ki nuna mata fure da 'yan tuluna, sau da yawa ma sun fi kyau a jere.

Za ki ce, to ni ina zan san abin da mai saye zai yi da shi? Ba a ɗora miki bin mutane gida ba. Abin da kika ɗinka da girma da siffar abin wasa, kika sayar a matsayin abin wasa, kin fita, ko da wani ya je ya ajiye a kabad. Amma wanda kika sa wa zobe ko igiyar ratayawa, ke da kanki kin faɗi abin da aka yi shi dominsa. Haka wanda mai shi ya gaya miki da bakinsa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani mataki. Tsuntsun da aka yanka a shimfiɗe aka ɗinke a jikin rigar yaro ko matashi ba shi da inuwa, saboda haka ba haramun ba ne a mazhaba. Dardir ya ce makaruhi ne idan a wurin da ake girmamawa yake kamar bango, idan kuwa abin takawa ne ko na zama a kai to barinsa ne ya fi. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, shi ma ya ce zanen da ke jikin tufa bai shiga hanin ba, amma barinsa ya fi kyau. Idan kuma aka cire kan surar gaba ɗaya magana ta ƙare, domin a hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka kawo, Jibrilu ya ce wa Annabi (SAW) a yanke kan mutum-mutumin da ke gidansa ya koma kamar itaciya. Zare da wasu ke ɗaurawa a wuya su ce sun yanke kai, wannan wasa da hankali ne, kan yana nan. Ko a 'yar tsanar yara, in kika taƙaita fuska, ɗigo biyu na ido da ɗan layin baki, kin fi nisa da saɓani fiye da mai ƙoƙarin fitar da gira da leɓe kamar za ta yi magana. Shawara ce wannan, ba sharaɗi ba.

Batun mala'iku: Imam Khaɗɗabi ya ce surar da ke hana su shiga ita ce wadda aka haramta ajiyewa, Imam Nawawi ya ga hanin ya game kowace. Na fi natsuwa da maganar Khaɗɗabi a nan, domin ɗakin A'isha da 'yan tsanar ke ciki ɗaki ne da wahayi ke sauka.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, wanda a ganina ya fi 'yar tsanar hatsari ga masu ɗinki, wato guntayen atamfar nan. In na kayanki ne, shi ke nan. In ragowar ɗinkin mutane ne, to na masu shi ne. Ɗan tsilin da kowa ya san sharewa ake a zubar, al'ada ta yafe shi. Amma ƙyallen da zai isa rigar 'yar tsana sukutum, balle a riƙa matse yanka da gangan don ya ragu, sai da izini. Ki ce, Hajiya ga ragowar yadinki, ko in yi amfani da shi? Da wuya ta hana. Abin cusawar ma ki faɗi gaskiyarsa: in tsumma kika cusa kada ki ce auduga ce, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ki wanke abin cusawar, ki kuma guji maɓalli da duwatsun ado a idon abin da jariri zai kai baki, ki yi idon da zare, domin cutar da ta samu yaro ta sakacinki akwai alhakinta a kanki.

Kada ki ɗinka sunan Allah ko aya a kan abin rataya makulli, yana faɗuwa ƙasa, ana shiga bayi da shi. Kada ki karɓi aikin gicciye ko wata alamar bautar wani addini. Wanda kuma ya zo ya ce ki yi masa 'yar tsana da kamannin wance, ko ya kawo gashi ko yankin tufar wani ya ce ki cusa a ciki, kin san inda aka dosa, ki sallame shi ko nawa ya ajiye.

Kuɗin da kika samu a baya kan na jere da na mota, alhali ba ki san hukuncin ba, ban ce ki fitar da su ba, ki yi istigfari ki daina. Waɗanda suka rage a hannunki ki cire musu igiyar ratayawa ki sayar wa masu yara.

Allah ne mafi sani.