Amsa: Yadda za ka saka tsohon hoton gadar Pontcysyllte a firam

Ka ce ka samo tsohon hoton wata gada mai ɗauke da ruwa a Wales, kana so ka rataye shi ba tare da ya lalace ba. Daga kwatancenka, Pontcysyllte ce, wadda Thomas Telford da William Jessop suka kammala a 1805. Kwale-kwale na bi ta cikin kwarmin ƙarfe, mita 38 sama da kogin Dee. UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009.

Kafin komai, yi sikanin ɗinsa gaba da baya; rubutun baya kan nuna shekara ko sunan mai ɗauka.

Don Allah kada ka yi masa laminatin, kada ka liƙa salatif. Na taɓa yi wa hoton kakana haka, gam ɗin ya bar tabo ruwan ƙasa, har yau ina cizon yatsa. Sa kwali marar asid a gefuna don kada fuskar hoton ta taɓa gilashi, in ba haka ba danshin damina zai manne su. Rataye shi inda rana ba ta bugawa.

In ya riga ya manne ko ya yi fumfuna, kada ka ɓamɓare, kai wa masu adana kayan tarihi.