Wurin aiki za su tura ni ƙasar waje, me zan kiyaye?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Kamfaninmu zai tura ni Jamus taron kwana biyar, daga can in biya Dubai ganin wasu abokan hulɗa, kuma wallahi ban taɓa fita waje ba gashi ni kaɗai ce, hankalina ya kasa kwanciya. Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya fi jefa matafiya cikin matsala ba 'yan fashi ba ne, ƙananan abubuwa ne da ake rainawa tun kafin a bar gida.

Ɗauko fasfo ɗinki yanzu ki duba ranar ƙarewarsa. Jamus tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna so ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar da za ki bar yankin, Dubai kuma wata 6. Inshorar lafiya ta bizar Shengen ba ta yin ƙasa da yuro 30,000, wannan nauyin kamfani ne tunda aikinsu za ki yi, kar ki ji kunyar tambaya, ki ce su ba ki takardar a hannu da lambar wanda za ki kira ko da tsakar dare ne. Ki ɗauki hoton fasfo da biza ki tura wa kanki ta imel, kwafi ɗaya kuma a jaka daban.

Inda nake so ki buɗe kunne sosai shi ne maganar kaya. Duk wanda ya ce dan Allah ga ɗan saƙo ki kai wa wane, ko a filin jirgi wata ta ce riƙe min jakar nan in shiga banɗaki, ki ba da haƙuri kawai, in ma na kusa ne a buɗe a gabanki ki gani da idonki, domin ranar da kwastan suka zuge zif suka samu wani abu sunanki ne a jikin jakar, ba mai sauraron "ai ba nawa ba ne". Haka magani. Tramadol da kodin a Dubai ba wasa, sai da takardar likita da izinin ma'aikatar lafiyarsu, kuma ki bar kowane magani cikin kwalinsa. Kuɗi tsaba in ya kai yuro 10,000 dole ki bayyana lokacin shiga Tarayyar Turai.

Idan kin sauka, gajiya ce ke sa mutum sakaci. Kar ki bi wanda ya tare ki yana cewa tasi tasi, ki hau motar da otal ko kamfani ya turo bayan kin duba lambarta. A otal ki sa sarƙar ƙofa, wanda ya ƙwanƙwasa ya ce ma'aikaci ne ki kira risefshan ki tabbatar. Intanet ɗin kyauta na otal kar ki buɗe banki ko takardun ofis da shi sai da VPN, wato manhajar da ke ɓoye bayananki a intanet, hotunan tafiya kuma ki bari sai kin dawo ki ɗora.

Ki adana 112 a waya don Jamus, 999 don 'yan sandan Dubai, da lambar ofishin jakadancin ƙasarki. In Allah ya kiyaye aka tsare ki, yarjejeniyar Biyena ta 1963 ta ba ki damar cewa a sanar da ofishin jakadancin, kuma kar ki sa hannu a takardar da ba ki gane yarenta ba.