Tambayoyinku kan ɗaura wa tsohuwar a-kori-kura garmar ture dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada. Sanyi ya ƙarato, saƙonni sun taru, kuma kusan duk a kan abu ɗaya ne, kowa yana so ya maƙala wa motarsa garma ya huta da shebur. Toh bismillah.

Wani ɗan'uwa daga Columbus yace: "Malam ina da Ford Ranger amma ba mai jan ƙafa huɗu bace, zan iya sa mata garma?"

A'a ƙanena, kar ma ka fara. Tayoyin baya ne kaɗai ke ja, ga bayan babu nauyi, ka kuma rataya mata ƙarfe a hanci, wlh a ƙofar gidanka zata tsaya tana murza taya. Sayi injin feshe ƙanƙara na turawa da hannu, ya ishi gida ɗaya.

Wani daga Buffalo yace: "Yallaɓai Tacoma ce dani ta 2006 mai jan ƙafa huɗu, naga garma ta hannu, wato wadda aka yi amfani da ita, a Facebook da araha, mai ita yace zata hau kowace mota. In saya?"

Ɗan'uwa bari mu ajiye maganar garma tukuna, ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin motar nan ka duba shasinta? Don nan ne matsalar take. Garma ba jikin bamba ake ɗaura ta ba, jikin shasi ne, duk turin da kayi da duk karon da kayi da gefen titi shasi ne ke shanye shi, kuma motar da ta yi shekara da shekaru tana wanka da gishirin titin Buffalo kasan me hakan ke nufi. Tacoma ɗin ma musamman, tsatsar shasinta sananniya ce, har a 2016 Toyota ta amince da sulhun kotu na kusan dala biliyan 3.4 wanda ya haɗa da Tacoma na 2005 zuwa 2010, aka canza wa wasu shasi gaba ɗaya. Ka bincika ko taka tana cikin waɗanda aka canza wa. In ba'a canza ba, ɗauki guduma da sukudireba ka shiga ƙasa ka ƙwanƙwasa, lafiyayyen ƙarfe ƙara yake bayarwa tsaf, ruɓaɓɓe kuwa zakaji dif, ɓawo yana zubo maka a fuska.

Kuma abin da ke ƙona min rai shine baƙin fentin nan da masu sayarwa ke fesawa a ƙasan mota. Bara wani yaro ya kawo min motar da ya saya, ƙasan baƙi wuluk sai ƙyalli kamar sabuwa, na sa sukudireba kusa da inda sifirin baya ya kama, da ɗan turi kaɗan ya shige har mariƙi. Yaron nan ya yi shiru, kuɗin da ya tara na aikin dare ne fa. In kaga ƙasan tsohuwar mota yafi samanta kyau toh ka tambaya me aka rufe. Haka ma garmar hannu, a fenta ta da ja ko ruwan ɗorawa a ɗau hoto, kai kuma kaga araha ka ruga. Araha bata ado, mun sani tun gida amma muna zuwa nan sai mu manta.

Maganar "zata hau kowace mota" kuma ba gaskiya bace. Kowace mota da nata maɗaurin da nata wayoyin fitila, kamfanonin garma ma haka, Western daban, Fisher daban, Meyer da Boss daban, in maɗaurin bai zo da ita ba sai ka saye shi a gefe kuma nan arahar zata gudu. Sannan nauyi. Buɗe ƙofar direba akwai takarda a manne, an rubuta iyakar nauyin da gaban motar zai ɗauka, kar ka wuce shi. Ƙaramar mota garma mara nauyi take so, irin mai faɗin ƙafa 6 da rabi zuwa 7, ba wadda aka ciro daga babbar mota irin Ford F-250 ba. Kafin ka biya a jona ta a gabanka, ta ɗaga, ta sauka, ta karkata hagu da dama, ka duba ko mai yana yoyo daga tiyo. In yace babu batir yanzu amma "tana aiki lafiya", yi masa sallama ka tafi.

In duk wannan ya yi daidai, saura sabon batir mai ƙarfi don famfon garmar wuta yake sha sosai, da ƙarin na'urar sanyaya man giya in otomatik ce, da tayoyin sanyi masu tambarin dutse da ƙanƙara a gefe.

Wata Hajiya daga Minneapolis tace: "Ɗana yana so ya riƙa share wa maƙwabta da motar babansa ana biyansa, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya."

Hajiya ki kwantar da hankalinki, yaron da ke neman na kansa abin godiya ne, Allah ya yi masa albarka. Amma damuwarki tana kan hanya. Inshorar mota ta gida yawanci bata biyan ɓarnar da aka yi a aikin kuɗi, in ya bugi ƙofar garejin wani ko wani ya zame ya karye a inda ya share, kanku zata dawo, don haka ku kira kamfanin inshorarku kafin ya karɓi ko dala ɗaya. Ki ce masa ya riƙa fita tun ƙanƙarar bata taru ba, ƙaramar mota bata ture tudu, ya tafi a hankali, kuma ya tsaya cak kafin ya sa ribas don nan ake kashe giya. Kar ya tura ƙanƙara kan titi, garuruwa da yawa tara suke ci. Sai babba a ciki, in ya maƙale, ya fara tone bakin salansa kafin ya zauna a ciki da inji a kunne, hayaƙin nan baya wari kuma yana kisa. Wannan ki maimaita masa ko zai ce kin dame shi.

Wani kuma daga Toronto yace wai zai yanka tsohon tankin ruwa ya walda a gaban motarsa kamar yadda ya gani a YouTube.

Haba don Allah. Garmar gaske tana da sifirin da ke sa ta kifa in ta haɗu da murfin kwalbati, taka kuwa shasin ne zai lanƙwashe kai kuma ƙirjinka ya daki sitiyari. Bari kawai.

Na ƙarshe, mai tambayar me zai zuba a baya don nauyi: buhunan yashi, a jera su wajen ƙofar baya bayan tayoyi a ɗaure su da igiya, ba bulo ba, don bulo in ka taka birki ta gilashin baya zai shigo. In ka maƙale ma sai ka farke buhu ɗaya ka watsa a ƙarƙashin taya.