Tambaya da amsa: Ina za mu samu sunan jirgin da ya kwaso kakar matata daga Pillau a 1945?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni Bahaushe ne mazaunin Hambug, matata Bajamushiya ce. Kafin kakarta ta rasu takan ba da labari cewa a watan Fabrairun 1945 suka baro garin Pillau ta ruwa tana yarinya, har ma saura ƙiris su shiga jirgin Gustloff. Tana da wa soja da aka ji wa rauni, aka ce shi ma an sa shi a jirgi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ke hannunmu wasiƙu biyu ne da hoto ɗaya. A ina ake samun jerin sunayen fasinjojin waɗannan jirage?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka ɓata lokacinka wajen neman jerin sunayen fasinjoji, domin yawancin jiragen nan ba su bar wani jerin kirki ba. Kwasar Jamusawa ta ruwa daga gabas a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wadda shugaban rundunar ruwan Jamus Admiral Karl Dönitz ya ba da umarnin farawa a ranar 23 ga Janairun 1945, kuma a yau ake kira Hannibal, an yi ta ne sojojin Sobiyet suna bakin gari. A kwanakin farko ana raba takardar shiga jirgi, ana rubuta suna. Da turmutsutsu ya yi yawa sai masu rubutun suka ajiye alƙalami. Jiragen da suka nutse kuwa sun tafi da takardunsu. Abin da ya rage maka shi ne ka bi sawun mutumin kafin ya hau jirgi da kuma bayan ya sauka, a nan ne takarda take.

Maganar Gustloff ɗin nan, kusan kowane gida na mutanen Gabashin Prusiya, tsohon yankin Jamus da Pillau take ciki, yana da irinta. Amma ka duba kwanan wata. Wilhelm Gustloff daga Gotenhafen ya tashi, garin da yau ake kira Gdynia a ƙasar Folan, ba daga Pillau ba. Kuma a daren 30 ga Janairu jirgin yaƙi mai nutso na Sobiyet, S-13, ƙarƙashin Alexander Marinesko, ya nutsar da shi. Wanda ya baro Pillau a Fabrairu bai ga Gustloff ba. Wannan ba ya nufin tsohuwa ta yi ƙarya. Yarinya ce a lokacin, kuma an yi ta jigilar mutane da ƙananan jirage daga Pillau zuwa Gotenhafen da Danzig kafin a ɗora su a manya, saboda haka mai yiwuwa tafiyar tasu hawa biyu ce, watan ne ya rikice mata. Mai yiwuwa kuma sunan da ya fi shahara ne ya maye gurbin na gaskiya bayan shekaru. Ka rubuta labarin yadda ta faɗa, ka ajiye shi gefe, kada ka gina bincike a kansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wan nata. Soja mai rauni, a Pillau, a Fabrairu: duk wanda ya san wannan tarihi zuciyarsa za ta tafi kan jirgin Steuben. Ya bar Pillau ranar 9 ga Fabrairu da mutum sama da 4,000, kimanin 2,800 daga cikinsu sojoji ne masu rauni, kuma S-13 ɗin nan dai ya harbe shi bayan tsakar dare, wato 10 ga wata. Waɗanda suka tsira ba su kai 700 ba. Dalilin a fili yake: masu mummunan rauni a kwance suke a ƙananan benayen jirgin, wasu a ɗaure da bandeji da filasta, ba su da ƙafar hawa matakala. Sai a 2004 sojojin ruwan Folan suka gano inda gawar jirgin take. Amma kada ka yanke hukunci tukuna. Jirage da dama sun ɗebi masu rauni daga Pillau a wannan wata kuma sun isa lafiya, sannan isa gaɓa ba shi ne tsira ba. A ranar 12 ga Maris jiragen saman Amurka sun yi wa tashar Swinemünde ruwan bama-bamai alhali tana maƙare da waɗanda aka sauke, dubbai suka mutu, da yawansu an binne su a tudun Golm ba suna.

To, ka ɗauko wasiƙun nan biyu. A bayan ambulan za ka ga lamba mai alƙaluma biyar, wani lokaci da harafi a gaba ko a baya. Ita ce Feldpostnummer, lambar da gidan wayar soja ke amfani da ita a madadin sunan runduna don ɓoye inda take. Da ita ake gane bataliyarsa. Ka haɗa ta da cikakken sunansa da ranar haihuwa da garin haihuwa, ku aika wa Bundesarchiv, ma'ajiyar takardun tarihi ta tarayyar Jamus, sashen da ke Balin. Shi ne ya gaji tsohuwar hukumar WASt, mai ajiye bayanan sojojin Jamus da aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace, tun 1 ga Janairun 2019. A can ake ajiye da rajistar ƙarfen shaida da kowane soja ke ratayawa a wuya, da rahotannin da runduna ke aikawa idan an kashe mutum ko an ji masa ciwo, da littattafan asibitocin soja. Idan sunansa ya fito a wani asibiti a Pillau ko Königsberg da ranar da aka fitar da shi, sannan bai sake fitowa a wani asibiti a yamma ba, ka ga tazarar ta matse zuwa 'yan kwanaki. Matarka ce ya kamata ta sa hannu, tunda ita ce jininsa. Ana biyan kuɗi, kuma amsa takan ɗauki watanni. Ka sani kuma rahotannin 1945 ɗin akwai giɓi a cikinsu sosai, domin rundunonin da ke rubuta su su ma a tarwatse suke.

Kafin amsar ta zo akwai abin da za ka yi a daren yau a intanet ba ko sisi. Ƙungiyar Volksbund da ke Kassel, mai kula da kaburburan yaƙi, tana da shafin neman suna. Sashen neman ɓatattu na Red Cross ta Jamus da ke Munich shi ma ya wallafa kundin hotunan sojojin da suka ɓace, an jera su bisa runduna, kuma an haɗa shi ne daga cigiyar da iyalai suka kai bayan yaƙi. In iyayensa sun taɓa kai cigiya, ba mamaki ka ga irin hoton da ke hannunku a ciki.

Ita kakar, nata ya fi sauƙi, domin ta rayu, kuma mai rai sai ya ci abinci, wanda zai karɓi katin abinci kuwa sai an rubuta sunansa. Ka tambayi dangi a ina aka fara sauke su. Idan Denmak ce, ka yi sa'a ta fuskar takarda. Kimanin 'yan gudun hijira 250,000 aka sauke a can daga Fabrairu zuwa Mayu, aka tsare su a sansanoni, na ƙarshensu ba su bar ƙasar ba sai Fabrairun 1949. Sansanin Oksbøl kaɗai ya ɗauki kusan 35,000, kuma ma'ajiyar tarihin Denmak, Rigsarkivet, tana da katunansu. Idan kuwa Kiel ce ko Lübeck ko Sassnitz, sai ka nemi ofishin rajistar mazauna na ƙauyen da aka fara tsugunar da su. Akwai kuma reshen Bundesarchiv da ke Bayreuth, wanda mutane ke mantawa da shi. A can fayilolin diyyar dukiyar da aka bari a gabas suke, da katunan da ƙungiyar cigiya ta coci-coci ta jera gari-gari, da rahotannin da waɗanda suka gudo suka rubuta. Wani maƙwabcinsu na iya ambaton sunan jirgin da 'yan ƙauyensu suka hau.

Sai ka samu rana da tasha sannan za ka koma kan jirage. Takardun rundunar ruwa suna reshen Bundesarchiv na soja da ke Freiburg, kuma kundin da hedikwatar rundunar ke cikawa kullum yakan faɗi jirgi kaza ya tashi daga tasha kaza da masu rauni kaza da 'yan gudun hijira kaza. Adadi ne, ba suna. Ka riƙa neman garuruwan da sunayensu biyu: Pillau yau Baltiysk ce a Rasha, Königsberg Kaliningrad, Danzig Gdańsk, Hela kuma Hel.

Alƙaluman da za ka ci karo da su, ka riƙa tambayar wa ya ƙirga. Na Gustloff da aka fi ambata, mutum 10,582 a ciki da 9,343 da suka mutu, na Heinz Schön ne, wanda ma'aikaci ne a jirgin, ya tsira, ya ƙare rayuwarsa yana tattara shaidu. Ƙiyasi ne mai tushe, amma ƙiyasi ne. Haka na jirgin Goya, wanda ya nutse ranar 16 ga Afrilu da sama da mutum 6,000. Jimillar waɗanda aka kwashe ma akwai saɓani: tsofaffin hafsoshi sun yi ta cewa miliyan biyu, masu binciken baya-bayan nan suna maganar farar hula 800,000 zuwa 900,000 da sojoji kimanin 350,000. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma ban yarda da labarin cewa ceton mata da yara ne babban burin Dönitz ba. Takardun Freiburg sun nuna kayan yaƙi da sojoji aka sa a gaba wajen rabon gurbi da mai. Shi kansa Gustloff, ma'aikatan makarantar horar da sojojin jiragen nutso su 918 ne aka fara tanadar wa wuri a cikinsa.

Idan ka duba ambulan ɗin, ka lura da hatimin gidan waya na wasiƙar ƙarshe. In akwai kalmar Lazarett a jiki, daga asibitin soja ya rubuto ta, sai ku saka hoton ambulan gaba da baya a cikin takardar da za ku aika Balin.