Tambaya da Amsa: Gina Ƙasar Bakin Iyaka a Labarin Almara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta littafin yaƙi na almara, mai aljanu da matsafa. Rabin labarin a wani daji yake faruwa, tsakanin masarautu biyu masu gaba da juna. Yayana ya karanta ya ce dajin bai kama hankali ba. Me ya rage? Daga wata marubuciya, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Yawancin masu wannan matsala layi suke ja a takarda su ce ga iyaka. Iyakar layi kuwa baƙuwa ce a ƙasar nan. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wadda ke tsakaninmu da Nijar, aka kafa alamominta daga 1906 zuwa 1908. Kafin nan iyaka faɗi gare ta, tafiyar yini ɗaya ko biyu. Ikon sarki yana ƙarewa ne a inda jakadansa ba zai iya karɓo kuɗin ƙasa ya dawo lafiya ba.

Ki fara da ruwa tun kafin ki raɗa wa ko gari ɗaya suna. Ki zana gulbi guda, ki san inda ya taso da inda ya nufa, da watannin da yake gudu. Dubi Gulbin Maraɗi: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo ya haɗu da Rima. Da damina kawai yake gudu, da rani sai rairayi, a tona a sha. Gulbi irin wannan shi zai faɗa miki inda fadama take, inda gari zai zauna, da mashigin da mahara za su bi.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan littattafai da yawa suke faɗuwa. Doki a lokacin zafi yana shan lita 30 zuwa 40 a yini. Rundunar dawaki 500 tana bukatar aƙalla lita 15,000 kullum, wato guga mai cin lita 10 sau 1,500, ban da na mutane. Rijiya ɗaya ba za ta ɗauki wannan ba, za ta ƙafe ta koma taɓo. Shi ya sa babbar runduna take bin gulbi ko tafki, ko ta rarrabu, kuma shi ya sa yaƙin bakin iyaka ya fi zama hari na 'yan tsirarun barade: a faɗa da asuba, a kora shanu da mutane, a juya. Lokacinsa bayan kaka ne, rumbuna cike, ƙasa ta bushe, dakaru sun gama aikin gona. In kika fitar da yaƙi a tsakiyar Agusta, ki ba da dalili, don laka za ta riƙe dawakin lifidi, gero kuma yana jiran maimai.

Nisa ma haka. Ayarin jakuna yakan ci kamar kilomita 25 a yini. Katsina zuwa Maraɗi wajen kilomita 90 ne, kin ga kwana uku zuwa huɗu ke nan ga fatake, kwana biyu ga mahayi. Kowane zango sai ya kasance da ruwa. Ki auna taswirarki da zango, ba da tsawon biro ba.

Sai tarihi. Abin da ya fi muhimmanci: dajin bakin iyaka sau da yawa a da gonaki ne, yaƙi ya mai da shi daji. Da Ummarun Dallaje, mai tutar jihadin Shehu Ɗan Fodiyo, ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819, suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, Sarkin Maraɗi Ɗan Mari ya ta da ƙayar baya a ƙasar Ruma, Sarkin Katsina na birni, Siddiƙu, ya murƙushe shi, garuruwa suka watse, ƙasa mai yawa ta koma kurmi a yankin da yau muke kira Dajin Rugu. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya biyo daga Tasawa ta Gazawa zuwa Katsina a 1851, daji ya ratsa cikin fargabar hari, ya wuce kufan Ɗankama. Ke da kike Daura ma misali yana ƙofar gidanki: bayan masu jihadi sun fitar da Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, sarauta ta rabu tsakanin birni da Zango da Ɓaure, sai 1906 aka dawo da Malam Musa, na zuriyarsa, kan sarautar birni. Gida ɗaya, kujera ɗaya, masu nema da yawa. Gaba irin wannan ta fi ta baƙi biyu zafi, kuma ta fi ba da labari.

Don haka ki cika dajinki da shaidar waɗanda suka tashi: kukoki a jere, rijiyar da ta rufta, ramukan marina, tsingaro, dutsen niƙa, kashin maƙera, tudun da ya rage na ganuwa da gwalalonta. Ki rubuta wa kanki shafi ɗaya, ba don bugawa ba, mai amsa abu uku: wa ya fara zama, wa ya kore shi, wa ke cin moriyar zaman wurin a haka.

TAMBAYA: Malam, a nawa labarin matsafin sarki yana iya ɗauke runduna ya dire ta bayan ganuwar abokan gaba. Wani aboki ya ce wannan ya kashe labarin. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Abokinka ya yi gaskiya, ɗan'uwa. In ana iya haka kullum, to ganuwa, ribaɗi (garin tsaron bakin iyaka), ɗan leƙen asiri da Ƙaura (shugaban mayaƙa) duk sun zama ado, kuma mai karatu zai tambaya me ya hana a gama yaƙin tun shafi na biyar. Ka sa wa tsafin ƙa'ida uku ka riƙe su har ƙarshe: mutum nawa yake ɗauka, yaushe yake ci, me yake ci wa mai shi. Ka ce mutum bakwai, a daren da babu wata, kuma matsafin ya kwanta jinya har wata ya sake kamawa. Yanzu sarki yana da shawarar da zai yanke.

Kuma ka ɗaure abin al'ajabin da ƙasa. Labarin Kusugu ya daɗe a bakin mutane domin macijin a kan rijiya ya zauna, ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, abin da ya taɓa kowane gida. Aljanin da ya tare mashigin gulbi zai sa hanyar fatake ta karkata, sabon zango ya tashi, tsohuwar kasuwa ta mutu, gishiri da kanwa su yi tsada a birni. In ka cire aljaninka daga labarin ba abin da ya canza a taswira, bai yi aiki ba tukuna.

TAMBAYA: Su wa ya kamata su zauna a irin wannan yanki? Daga wata malamar makaranta, Katsina.

AMSA: Malama, waɗanda riba ko tilas ta kai su: maharba, Fulani makiyaya, Buzaye masu raƙuma, masu haƙar tama, bayin da suka tsere, 'yan sarkin da suka rasa sarauta, da 'yan kwanta-kwanta. Ƙauyukansu ƙanana ne, kewaye da kafi na itace da ƙaya, gonaki dab da ƙofa don a iya rugawa ciki in an ji kuwwa. Mai garin wuri irin wannan yakan aika gaisuwa ga sarakunan biyu, ya ɓoye wa kowanne, kuma a wurinsa ake fansar kamammu. Wajen suna, ki bi yadda namu suke: Dutsin-Ma, Kafin Soli, Birnin Kuka, Zangon Daura. Ki ɗauki dutse, kafi, rijiya ko zangon da ke wurin, ki haɗa da sunan itace ko na wanda ya fara sara.