Shin Ƙarfin Janyowa Ne Ya Haifi Rashin Tabbas na Kwantom?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne a aji biyu na jami'a. Na ji ana cewa wai ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg daga ƙarfin janyowa ta samo asali, kuma da zarar an gane haka za a ɗinke fiziks ya zama ƙa'ida ɗaya. Da gaske ne, ko shaci-faɗi ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yadda aka faɗa maka ɗin nan, babu wanda ya tabbatar da shi. Werner Heisenberg ya fito da ƙa'idarsa a 1927, kuma babu ƙarfin janyowa a lissafinsa ko kaɗan. Abin da ta ce shi ne, ba za a san inda ƙwaya kamar ilektiron take da kuma yanayin gudunta daidai wa daida a lokaci guda ba. Dalili kuwa, ƙwayar tana da ɗabi'ar igiyar ruwa. Af, da yawanmu kan ce "maganaɗisun ƙasa", amma abin da ke faɗo da mangwaro ba maganaɗisu ba ne, shi ya sa nake cewa ƙarfin janyowa.

Sai dai maganar ba ta rasa tushe ba. A 1930, a taron masana fiziks na Solvay da aka yi a Birasel, Einstein ya zo wa Niels Bohr da wani tarko. Ya ce a sami akwati cike da haske, da agogo a ciki mai buɗe wata 'yar ƙofa na ƙiftawar ido, ƙwayar haske ɗaya ta fita. A auna nauyin akwatin kafin nan da bayan nan. Agogo ya ba ka lokaci, sikeli ya ba ka makamashin da ya fita, to ina rashin tabbas ɗin? Hankalin Bohr ya tashi matuƙa a wannan yammacin. Washegari ya dawo da amsa. Ka ɗauka akwatin na rataye a sikeli irin na mahauta: kafin ka karanta nauyi dole ya ɗan motsa sama ko ƙasa. Ƙa'idar da Einstein da kansa ya kafa a 1915 kuma ta ce gudun agogo yana canjawa gwargwadon tsayin inda yake. Tunda ba ka san tsayin daidai ba, ba ka san lokacin daidai ba. Da sandarsa aka doki Einstein.

Wanda ya fara hango zurfin matsalar haɗa janyowa da kwantom, wato dokokin da ƙananan ƙwayoyi irin ilektiron ke bi, shi ne Matvei Bronstein na Leningirad, a 1936, wanda gwamnatin Stalin ta kashe a 1938. A yau ga yadda ake bayaninta. In kana son ganin abu ƙarami, sai ka haska shi da haske mai ƙarin makamashi. Makamashi kuwa yana da nauyi, nauyi kuma yana lanƙwasa sarari. In ka ci gaba da matsawa, za ka cusa makamashi mai yawa a wuri ƙanƙane har ya rufta ya zama baƙin rami, wurin da ko haske ba ya iya fitowa daga cikinsa, abin da kake son gani ya ɓace a ciki. Iyakar ita ce tsayin Planck, kimanin mita 1.6 × 10⁻³⁵. Wato a nan janyowa ƙara rashin tabbas take yi a kan wanda ke akwai, ba ita ta haife shi ba. Babbar na'urar karon ƙwayoyi ta cibiyar bincike ta CERN da ke Turai ba ta iya hango abin da bai kai wajen mita 10⁻¹⁹ ba, ka ga akwai sauran tafiya.

Wasu ta baya suka ɓullo wa abin. Lajos Diósi na Hangari a 1987, da Roger Penrose na Ingila a 1996, sun ce janyowa ce ke kashe halin kwantom, shi ya sa ilektiron ke iya zama a wuri biyu amma buta ba ta iyawa. Ni wannan ra'ayin ya fi burge ni, saboda ya yarda a gwada shi. An kuwa gwada a ɗakin binciken Gran Sasso da ke ƙarƙashin dutse a Italiya, aka kasa kunne wajen wata biyu ana neman wani ɗan haske da hasashen ya nuna zai fito. Sakamakon 2020 ya ce babu shi, sigar hasashen mafi sauƙi ta faɗi. Jonathan Oppenheim na Landan ya zo da nasa a 2023, cewa sarari da lokaci ba su bin dokar kwantom, sai dai suna ɗan rawa ba tsari. Shi ma jiran gwaji yake.

Saboda haka in wani ya ce maka ya ɗinke fiziks, tambaye shi wace lamba ra'ayinsa ya hango wadda za a iya aunawa. Ga inda awo ya kai a 2021: masana a Viyana sun auna janyowa tsakanin ƙwallayen zinariya biyu, kowanne faɗin milimita 2, nauyin miligiram 90. A wurin kwantom, wannan ɗan ƙwallon har yanzu giwa ne.