Filin Tambaya da Amsa: In Musanya Tsohuwar Miksata da Sabuwa, ko In Gyara Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sana'ar DJ ne a Kaduna, kuma akasarin aikina na bukukuwan aure ne, wato kamu da dina da makamantansu. Ina aiki da miksa, wato na'urar haɗa sauti, ƙirar Pioneer DJM-800 wadda na saya ta hannu, tare da na'urorin sa waƙa CDJ-850 guda biyu da nake sa wa filashi. A 'yan watannin nan fedar layi na biyu, wato abin da ake ja domin ƙara ko rage sautin layin, ta fara ba ni matsala, domin idan na ja ta sai sauti ya riƙa yankewa, wani lokaci kuma ya fitar da ƙara marar daɗi. Wani dila ya yi mini tayin in ba shi ita in yi ciko, shi kuma ya ba ni DJM-750MK2, ita ma ta hannu ce amma mai tsabta. Abokan sana'a suna cewa zamani ya wuce tawa. Shin in karɓi tayin, ko in riƙe abata? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa ga abin da ka bayyana, shawarata ita ce kada ka karɓi wannan tayi a yanzu, ka fara kai miksarka wurin mai gyara, domin laifin da ka ambata ƙarami ne, kuma na'urar da ake son ba ka za ta ƙara maka abin da ba ka amfani da shi, ta rage maka wani abin da aikin biki ba ya yiwuwa sai da shi.

Mu fara da fedar. A cikinta akwai wani siririn layi na sinadarin gawayi wanda ƙananan haƙoran ƙarfe suke gogawa a kansa duk lokacin da ka ja ta sama ko ƙasa, kuma tsagar da take gudana a ciki a buɗe take, saboda haka ƙurar hunturu da ta filin biki suna shiga ba tare da shamaki ba. Idan ƙura ta taru, ko layin ya siɗe saboda yawan aiki, haƙoran sukan rabu da shi na ɗan lokaci, abin da kake ji a matsayin yankewa da ƙara ke nan. Sau da yawa wanki kawai take bukata, da man da aka yi musamman domin feda, irin su DeoxIT F5. Kada ka yarda a zuba mata fetur ko kananzir ko man kwance tsatsa, domin suna wanke maiƙon da ke sa ta tafiya sumul, suna kuma iya lalata layin gaba ɗaya. Idan wanki bai yi ba, ana cire ta a sa wata, tun da feda kaya ce da aka san tana ƙarewa a kowace miksa. Mai yiwuwa dilan ya gaya maka cewa DJM-750MK2 tana da feda mai suna Magvel wadda take aiki da maganaɗisu ba tare da gogayya ba. Gaskiya ne, amma wannan ita ce feda guda ɗaya ta kwance da ke ƙasa, wadda masu karce faifai suka fi wahalarwa. Fedojin layuka huɗu na tsaye, waɗanda kai ka fi ja a wurin biki, na gogayya ne, kuma ƙurar da ta kama taka za ta kama su.

Abin da sabuwar ta fi taka da shi a fili yake. DJM-800 ta fito a shekarar 2006, lokacin da faifan CD ke tashe, saboda haka ba ta da kafar USB da za ta karɓi sauti kai tsaye daga kwamfuta. DJM-750MK2 kuwa ta fito a 2017, tana da katin sauti a cikinta, kuma waya guda ta isa ta haɗa ta da kwamfutar da ke ɗauke da rekordbox, manhajar sa waƙa ta masu DJ. Tana kuma da maɓallin da ke ba ka damar kashe kaurin sauti ko siririnsa ɗungurungum, alhali taka tana rage shi ne kawai zuwa wani mataki. Waɗannan abubuwa ne masu amfani ga wanda ya koma aiki da kwamfuta, ko wanda yake doguwar haɗa kiɗa a gidan rawa. Kai kuwa ka ce daga filashi kake sa waƙa ta CDJ-850, wato sautinka yana shiga miksa ne ta wayoyin ja da fari kamar yadda zai shiga kowace miksa, saboda haka kafar USB ɗin da za ka biya ciko dominta za ta zauna ne ba aikin yi. Ko da DJM-900NXS2 ta 2016 aka ba ka, wadda ta fi DJM-750MK2 daraja, tsarinta na haɗa miksa da na'urorin sa waƙa ta wayar sadarwa ba zai yi maka aiki ba, domin CDJ-850 ba ta da wannan kafa.

Abin da za ka rasa shi ne ya fi damuna, kuma shi ne dillalai ba su cika ambata ba. DJM-800 tana da kafar makirufo guda biyu, kowace da maɓallin ƙara mata murya, ita kuwa DJM-750MK2 guda ɗaya take da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan tebur ranar dina ya san cewa makirufo ɗaya ba ya isa, domin mai gabatarwa yana riƙe da nasa daga farko har ƙarshe, ga malamin da zai buɗe taro da addu'a, ga uwar biki ko abokin ango da za a kira su yi jawabi, ga mawaƙin da aka gayyato wanda ba zai yarda ya riƙa karɓa-karɓa da kowa ba, kai ma kana bukatar ka yi magana a wasu lokuta. Idan ka koma miksa mai kafa ɗaya, dole ne ka sayi wata ƙaramar miksar murya ka jona a gefe, wato ƙarin kuɗi, ƙarin wayoyi, ƙarin soket, da ƙarin wurin da matsala za ta iya ɓullowa ana tsakiyar taro. A ganina, ga mai aikin biki wannan kafa ta biyu ta fi duk sababbin kwalliyar sauti da ke cikin sabuwar amfani, kuma ban ga hikimar mutum ya yi ciko domin ya rabu da ita ba.

Game da maganar abokanka cewa zamani ya wuce ta, ya kamata a bambanta tsufan ƙira da raunin sauti. DJM-800 tana sarrafa sauti a ma'aunin bit 24 da kilohaz 96, alhali faifan CD kansa bit 16 ne da kilohaz 44.1, saboda haka ba ita ce za ta rage wa waƙarka inganci ba. Inda sauti ya fi lalacewa a wuraren bikinmu wurare ne uku da ba su da alaƙa da shekarar da aka ƙera miksa. Na farko shi ne waƙar kanta, domin MP3 da aka matse zuwa kilobit 128 a daƙiƙa ta bi ta hannun masu turi ba za ta yi daɗin wadda aka ajiye a 320 ba ko da wace na'ura aka sa ta. Na biyu shi ne ɗaga murya har fitilun miksa su zauna a ja, abin da ke sa sauti ya tsage ya kuma ƙona ƙananan sifikun sama. Na uku shi ne waya, domin idan tazara tsakanin teburinka da amfilifaya tana da tsawo, fita ta kafar XLR mai ƙafa uku ita ce ke hana gurnanin da janareta ke jawowa, kuma taka tana da wannan kafa. Baƙin da suka zo biki ba za su bambanta miksar 2006 da ta 2017 da kunne ba, amma za su ji sifikar da ta fashe tun daga bakin ƙofa.

Duk da haka, akwai hujja ta gaskiya a ɓangaren musayar, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. An daɗe da daina ƙera DJM-800, kuma a cikinta akwai ƙananan kayan riƙe wuta masu ruwa da ake kira kafasito, waɗanda suke bushewa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta hakan, har masu ƙera su suna lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage musu kusan rabin kwanansu. Su waɗannan mai gyara na ƙwarai yana iya canza su. Abin da ke da wuya shi ne babban allon da ke sarrafa sauti, domin idan ya mutu, galibi sai an samo wata matacciyar miksar an ciro nata. Saboda haka ka nemi mai gyaran ya duba maka fiye da fedar. Idan miksar tana ɗaukewa da kanta bayan ta yi zafi, ko allon rubutunta yana dishewa, ko kana jin gurnani a hedifon alhali ba a jona komai ba, ko an taɓa yi mata gyaran wuta fiye da sau ɗaya, to lokacin rabuwa da ita ya yi, kuma gara ka sayar tun tana aiki, ka kuma gaya wa mai saye halin da take ciki. Ko a wannan hali, miksa mai kafar makirufo biyu za ka nema, irin su DJM-900NXS ta 2011 ko DJM-900NXS2, ko DJM-A9 ta 2023 idan aljihu ya kai. Idan a yawon nemanka ka ga sababbin kaya ɗauke da sunan AlphaTheta, kada ka ɗauka jabu ne, domin sunan da kamfanin Pioneer DJ ya koma ke nan tun 2020.

Sai maganar kuɗi. A cinikin musaya dila yana cin riba sau biyu, ya karɓi taka ƙasa da ƙimarta, ya ba ka tasa sama da ƙimarta, kuma da yake adadin ciko kaɗai ake faɗa, ba ka ganin ko ɗaya daga cikin biyun. Ka raba cinikin gida uku. Ka tambaye shi nawa zai sayar maka da tasa kuɗi hannu ba tare da musaya ba, ka tambayi abokan sana'a ko masu harkar kayan sauti da ke sayayya a kasuwar Alaba ta Legas nawa taka za ta yi idan an gyara fedar, sannan ka ji kuɗin gyaran daga bakin mai gyara. Bayan haka ka raba cikon da ribar da kake samu a biki ɗaya, bayan ka cire kuɗin mota da mai da na yaranka, ka ga bukukuwa nawa za ka yi kafin ka mayar da shi, ka kuma tambayi kanka ko akwai mai biki ɗaya da zai ƙara maka kuɗin aiki saboda ka canza miksa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, saboda haka tsohuwar miksa mai lafiya ba abin yarwa ba ce.

Idan duk da wannan ka yanke shawarar karɓar tasa, ka tuna cewa ita ma ta hannu ce, kuma ba ka san tarihinta kamar yadda ka san na taka ba. Ka je da CDJ ɗinka da hedifon da makirufo da kwamfuta, ka bar ta a kunne har ta ɗauki zafi, ka gwada kowane layi da kowace kafa, ka murɗa kowane maɓalli a hankali kana saurare. Maɓallin da ke danƙo alama ce ta an taɓa zubar mata da lemo, kusoshin da kansu ya siɗe kuma suna nuna an sha buɗe ta. Ku yi sharaɗin mayarwa na 'yan kwanaki a rubuce a gaban shaida, kuma kada ka fara fita da ita a ranar babban biki.

Tambaya: Malam, yayana da ke Amurka ya yi alkawarin aiko mini da miksa wadda ta fi tawa sabunta. Shin in sayar da tawa tun yanzu domin in biya kuɗin dakon? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Kada ka sayar, Malam, sai ta iso hannunka ka gwada ta a ƙaramin taro. Kafin a aiko ta, ka roƙi yayan naka ya ɗauki hoton rubutun da ke kusa da kafar wutarta ya turo maka, domin wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230. Idan rubutun ya nuna tana karɓa daga 110 zuwa 240, kan filogi kawai za ka canza. Idan kuwa 120 kaɗai aka rubuta, jona ta kai tsaye a soket ɗinmu zai ƙona sashen wutarta nan take, saboda haka sai ka nemi tiransifoma mai rage wuta. Ƙarama ma ta isa, tun da irin waɗannan miksoshi ba sa cin wutar da ta kai wat 100. Ka ɗaure tiransifomar a cikin akwatin miksar, ka naɗe mahaɗarsu da salatif yadda ba za a raba su ba, domin ba kullum ne kai za ka haɗa kaya da hannunka ba, kuma yaron da ke gaggawar kammala jone-jone kafin isowar amarya ba zai tsaya karanta rubutun bayan na'ura ba.